Birkin Iya Bushiya

A wani daji da ba zan kama sunansa ba, don har yanzu ina da dangi a can, an yi zamanin da keke ya shigo, kowa ya ce shi ma sai ya hau. Daga Zomo har Kunkuru, da wanda ƙafarsa ta kai feda da wanda sai an ɗaura masa katako, duk suka zama mahaya. Masu sayar da keken da kayan gyaransa su biyu ne, Alhaji Dila da Hajiya Kura. Ba su da rumfa a kasuwa, a waya suke cinikinsu. Ka buɗe shafin Dila ko na Kura, ka ga hoton taya ko sirdi ko ƙararrawa, ka danna, washegari Hankaka ya sauko maka da shi har ƙofar rami. Ba ka taɓa kaya da hannunka sai ya riga ya zama naka.

To, Dila da Kura ba sa shan inuwa ɗaya. Wasu sun ce a kan rabon nama suka ɓata a wani taron suna, wasu sun ce Dila ne ya nemi ƙanwar Kura ya fasa ana saura kaɗan. Ni dai na fi yarda da na biyun.

Wannan gabar kuwa ita ce idon masu saye. Tunda hoto ba ya faɗin gaskiya, sai dabbobi suka gano dabara. In za ka sayi kayan Dila, Kura za ka fara kira.

"Hajiya, na ga wata sarƙa a shafin Alhaji."

"Mai ƙyallin nan? Saya mana, in kana sha'awar turo keke daga Kwarin Tsamiya. Fenti ne a sama, ciki tsatsa."

Sai ka kira Dila ka tambaye shi tayar Kura.

"Allah sarki, tayar Hajiya. Ko daga nesa ta hango ƙaya sai ta sace."

Abin da ka ji sun yi ta kame-kame sun rasa abin kushewa a jikinsa, shi za ka saya. In kuma Dila ya yi maka jinkiri, ka ce masa bari ka leƙa wajen Hajiya. Kafin ka ajiye waya Hankaka na bisa kanka.

Dajin yana da Majalisar Kula da Kasuwa, shugabanta Mai girma Raƙumin Dawa. Mutumin kirki ne, sai dai wuyansa ya yi tsawon da in ka kai masa ƙara da hantsi, sai la'asar take isa kunnensa. Babu abin da ke damun majalisar nan irin zage-zagen Dila da Kura. Ta yi zaman sulhu har ta gaji. Ana nan sai ga labari: su biyun sun zauna a ɓoye, sun duba abin da gabar ke ci musu, sun haɗe kasuwancinsu wuri ɗaya. Majalisa ta yi walima. Raƙumin Dawa ya miƙe, ko da yake dama a miƙe yake, ya ce:

"Jama'a, yau mun ga amfanin zama. Shekara da shekaru muna roƙon bayin Allahn nan su daina zagin juna, ga shi sun wuce inda muka roƙa. Sun haɗa sito, sun haɗa hankaki, sun haɗa aljihu. Sun tabbatar mana kaya za su yi sauƙi, domin wahalar biyu ta koma ɗaya. Sun kuma yi alkawarin ba za su rufe shafi ko ɗaya ba, na Dila yana nan, na Kura yana nan, saboda haka mai saye yana da zaɓinsa kamar da. Majalisa ta duba daga nan sama, ba ta hango wata illa ba."

Aka yi tafi, aka ci aka sha.

Sauƙin dai bai zo ba, wataƙila ya ɓata hanya. Farashi ya riƙa tashi a shafukan biyu rana ɗaya, kamar tagwaye. Hankaka sai ya ga dama yake zuwa. In ka ce za ka koma wajen Hajiya, sai a ce maka Allah ya kiyaye hanya. Wayar ma yanzu ba Dila ke ɗauka ba, ba Kura ba. Wani Aku suka ɗauka aiki suka koya masa magana biyu.

Iya Bushiya tsohuwa ce mai daddawa, gidanta can saman Tudun Ƙaya. A daidai wannan lokacin 'yarta Azumi ta haihu, haihuwar fari, a gidan mijinta da ke Bakin Tafki, ƙasan tudun. Uwar mijin ta rasu, ba mai dafa wa yarinya ruwan wankan jego sai Iya, safe da yamma. Ƙafar bushiya kun san ta. In ta ce da ƙafa za ta sauka, sai rana ta take kafin ta hura wuta. Keke dole. Hanyar kuwa gangare ce miƙaƙƙiya, sai ta kai gab da ruwa sannan ta yi kwana. A ruwan nan Malam Kada yake zaune, shi ma ɗan majalisa ne.

Sai robar birkin Iya ta cinye. Kwana da kwanaki tana saukowa tana jan ƙafa a ƙasa, har takalmanta suka huje, tafin ƙafarta ya soma jini. Ta buɗe waya, ta ga birki iri biyu, ja da baƙi, kowane hoto sai sheƙi yake. Ta san ɗaya daga cikinsu ba birki ba ne, don maƙwabcinta Tunku ya sa sabo a makon da ya wuce, ya matsa a kwanar nan, keke ya ce bai ji ba. Ya fito daga tafkin da ransa amma ba wutsiya. Malam Kada ya ce ƙoƙarin jawo shi yake ta katse. Tunku kuwa tun ranar bai sake magana ba, balle a tambaye shi wane launi ya saya.

Iya ta kira lambar Kura. Aku ya ɗauka.

"Ɗan nan, tsakanin jan birki da baƙi, wanne ne mai kamawa?"

"Duk kayanmu masu inganci ne."

"Na ji. Amma in uwarka ce za ta sauko Tudun Ƙaya, wanne za ka ba ta?"

"Mun gode da haƙurinki."

Ta kashe ta kira lambar Dila. Akun ne dai ya ɗauka, ko muryar bai sauya ba.

Ranar zaman majalisa Iya ta yafa mayafinta ta tafi gindin kuka, inda ake taruwa. Dila da Kura suna zaune kan tabarma ɗaya, sun yi anko. Da aka ba ta dama ta ce:

"Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu ba, kuma ban zo rigima ba. 'Yata tana jego a Bakin Tafki, in ban sauka ba ba mai ɗora mata tukunya. Da can in zan sayi abu, Hajiya za ta faɗa mini aibin kayan Alhaji, Alhaji ya faɗa mini na Hajiya, in zaɓi wanda ya fi tsira. Yanzu sun shirya, Allah ya ƙara danƙon zumunci, amma ba mai faɗa mini komai. Birki biyu ne a waya, ɗaya ya ci wutsiyar Tunku. Abin da nake roƙo kawai a gaya mini wanne ne. Ni ba ni da wutsiyar da za a kama."

Dila ya gyara zaman hularsa ya ce:

"Mai girma shugaba, muna jin zafin abin da ya sami ɗan'uwanmu Tunku, har mun aika masa da ƙararrawa kyauta. Amma a sani, tun da muka haɗe babu sauran kayan Dila ko kayan Kura, kayanmu ne gaba ɗaya, kuma ba ya cikin tarbiyyarmu mu kushe abin da muke sayarwa. Zamanin ɓatanci ya wuce, majalisar nan da kanta ta roƙe mu mu bar shi. Bincikenmu ya nuna matsalar ba ta birki ba ce, tudun ne ya cika gangare."

Malam Kada ya ɗaga hannu, ɗan guntun nan nasa, ya ce:

"Ni shaida ne, don a gabana ake komai. Tun da aka yi haɗakar nan jama'a suka ƙara kusantar juna. Waɗanda da ko sallama ba sa yi mini, sai dai su sha kwana su wuce, yanzu har cikin gida suke shigo mini. Ina roƙon majalisa kada ta bari a taɓa wannan zaman lafiya."

Aka jira maganganun suka hau wuya. Can Raƙumin Dawa ya yanke hukunci. Za a kafa allo a saman tudu a rubuta a sauka a hankali. An kuma naɗa Malam Kada jami'in kula da lafiyar masu saukowa, tunda dama a wurin yake.

Iya ta sunkuyar da kai. Ta tuna Azumi kwance da jariri, murhu a sanyaye. Wadda ta zauna kusa da ita ta ce mini ƙayoyin bayanta sai da suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, sannan suka kwanta. Ta ɗago da fuska sumul.

"Ranka ya daɗe, na karɓi hukunci. A ba ni izini in yi godiya, kada a ce tsohuwa ƙorafi kawai ta iya."

Aka ba ta.

"Godiyata ga Alhaji Dila take. Duk dajin nan an san tun da aka haɗe shi ne kan tafiyar. Mata a bakin rijiya ba su da hira sai tasa. Wai ba don idon Alhaji ba, da tarkacen Hajiya ya cika sito. Wai shi ya zauna ya tace kayan, ya bar masu kyau, nasa ke nan. Ita ma Hajiya Allah ya saka mata, an ce tana ƙoƙari sosai wajen ɗaure kwali."

Da Dila ya ce a'a, ba haka ba ne, da shi ke nan. Amma yabo ya yi masa daɗi. Ya yi murmushi ya shafa gemu ya ce, "To, jama'a dai suna da ido."

Kura ta juyo a hankali ta dube shi.

"Ɗaure kwali? Ni?"

"Hajiya, a gaban majalisa muke."

"Majalisar ta ji da kyau! Jan birkin da ya jefa Tunku ruwa na wane ne? Ba kai ka yanka tsofaffin silifa ka shafa musu jan fenti ba? Tarkacena! Kai da ko sirdinka ciyawa ce a ciki!"

Dila ya miƙe, hula ta faɗi. "Baƙin naki fa? Rana na taɓa shi ya narke kamar man shanu! Wa ya ce a riƙa aika shi da sassafe kafin ya yi laushi?"

"Maƙaryaci! Mafashin aure!"

Kun ji, ashe na biyun ne.

Gindin kuka ya yi tsit, kowa ya baza kunne, har da masu ɗaga waya sama. Iya ta bari suka zazzage taya da tif da famfo, sannan ta sa baki a hankali, kamar mai tambayar hanya.

"Ni da tsufa ya ci idona, da can kamar akwai wani koren birki?"

Kura tana haki ta ce, "Yana sito, bayan buhunan sirdi. Wannan munafukin ne ya ce a cire hotonsa, wai wanda ya saya sai ya shekara bai dawo neman wani ba."

"Ke kika fara kawo shawarar!"

"Allah ya yi muku albarka," in ji Iya, ta naɗe mayafinta.

Kafin hayaniyar ta isa kunnen Raƙumin Dawa ya ce a yi shiru, kowa ya watse. Kura ta ja tabarmar ta tafi da ita. A ranar aka raba sito, aka raba hankaki, aka sallami Aku. An ce har yanzu yana kan reshe yana gode wa masu wucewa da haƙurinsu.

Da yamma hankaki biyu suka yi tsere zuwa Tudun Ƙaya, kowanne da koren birki a baki. Iya ta karɓi na wanda ya fara sauka, na Kura, ta ce wa ɗayan ya gaya wa Alhaji ya makara.

Da gari ya waye ta ɗaura itace a bayan keke ta kama gangare. Iska na kaɗa mayafi, tafki na matsowa, ga jami'in lafiya a bakin aikinsa, ya buɗe baki tun daga nan har can. Ta yi bisimilla ta matsa. Keke ya yi ƙara ya tsaya cak, ƙura ta tashi ta sauka a kan harshen Malam.

"Ina kwana, Malam Kada. Ya aiki?"

Ya daɗe kafin ya rufe bakin. "Da godiya," in ji shi.

Ta sha kwana. Azumi ta yi wankanta da ruwa mai tururi, ta sha kunun kanwa, har aka yi arba'in ba a tsallake rana ba.

Zagi ya dawo dajin, farashi ya sauko, Hankaka ya tuna hanya. Dabbobi suka koma kiran Kura su ji labarin Dila, su kira Dila su ji na Kura, kowa hankalinsa kwance. Majalisa ta fitar da sanarwar baƙin ciki, ta ce za ta sake zama.

Kwanan nan dai na ji wai Zakin dajin gaba, mai manyan motocin kaya, ya fara aiko wa Dila gaisuwa, ya aiko wa Kura, kowa da tasa, yana yaba ƙoƙarinsu duka biyun. Da labarin ya kai wa Iya Bushiya, nan take ta ɗauki waya. Ta sayi koren birki cike da ƙwarya, ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne saboda gaba.