Buhu Biyu Na Ɓarɓashin Darbejiya

Ba zan taɓa mantawa da wancan makon ba, ko da na so in manta, domin har yau akwai masu tuna mini shi a Ƙauran Namoda. A lokacin ina koyar da lissafi a wata firamare da ke bakin gari, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Duk majalisar da ka zauna zancen ɗaya ne: wane an yi masa bulala, ɓarawo kuwa hannu za a cire masa. Rabin masu zancen ba su taɓa leƙa kotu ba, amma kowa ya zama alƙali. Ni kuma (gara in faɗa da bakina) matsoraci ne tun asali.

Farkon damina aka yi iska mai ƙarfi, ta kayar da tsofaffin darbejiya uku a harabar makaranta, ɗaya har ta lotsa kwanon aji huɗu. Ƙaramar hukuma ta turo masu saran itace da injinsu mai ƙara. Shugabansu wani dogon mutum ne mai kaurin murya, Ɗanjuma, mutumin Katuru. Kwana biyu suna aiki. Suka loda gungumen a mota, masu gidan burodi suka saye manyan rassan, aka bar tulin ɓarɓashi da garin itace a bayan ofishin hedimasta.

Kananzir ya yi wuya a shekarar, itacen girki kuma duk a jiƙe. Mai ɗakina tana da murhun gwangwani irin wanda ake danƙara wa garin katako, kullum sai ta yi mini mitar ba abin zuba masa. Ran Laraba da aka tashi, na tsaya kamar ina gyaran sarƙar keke har kowa ya watse. Na cika buhu biyu ina waige-waige, na ɗaure a bayan keke, na taka gida. Ban tambayi kowa ba. Ranar har yabo na sha a wurin mai ɗakina.

Washegari ina sa hannu a rajista, hedimasta ya ce, "Malam, mai injin nan ya zo yana cigiyar malamin da ya kwashi buhu biyu jiya. Na ce ina jin kai ne. Zai dawo ran Litinin, ya ce lalle sai ya gan ka."

Biro ya faɗi daga hannuna. Itacen makaranta, ai kayan gwamnati ne! Na shiga aji zan rubuta tara sau bakwai a allo, sai na tsaya ina kallon hannuna na dama riƙe da alli. Wallahi har gwada rubutu na yi da hagu, in ga ko aikin zai yiwu in abin ya kai ga haka. Bai yiwu ba.

Abinci ya daina shiga. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa ta kafar ƙyaure. Ran Asabar na kasa daurewa, na hau mota zuwa Zurmi wurin kawuna, malami ne da ake zuwa ɗaukar karatu a zaurensa. Bayan mun gaisa na sunkuyar da kai.

"Kawu, wani abokina ne ya ɗebi ɓarɓashin itacen gwamnati ba da izini ba. Ya ce in tambayar masa hukunci."

"Abokin nan naka, a ka ya ɗauka ko a keke?"

"A keke."

"Irin naka?"

Kawu ya yi dariya har yana share ƙwalla. Ya ce abin da aka bari a fili, wanda bai kai kuɗin tuwon rana ba, ba a maganar haddi a kansa. "Amma a gaya wa abokin ya je ya nemi yafewar masu abu, shi ke nan." Ni dai na ɗauka lallashina yake yi don kada in faɗi a zaurensa.

Na dawo da niyyar mayar da kayan mutane, sai na tarar saura rabin buhu. Mai ɗakina ta shanya, ta yi girki, har ta ɗibar wa maƙwabta.

"Malam, shara ce hwa aka zubar," in ji ta. "Mi ya kai ka ga wanga tashin hankali?"

Na ce ba za ta gane ba. Ran Lahadi na je layin kafintoci, na sayi garin katako da kuɗina (masu kiwon kaji suke sayar wa, don haka ba su rage mini ko sisi ba), na cika buhunan nan biyu dam.

Litinin da safe na iso ana tsaka da asambili. Ɗalibai sun jeru, malamai na tsaye, ga Ɗanjuma kusa da hedimasta da takarda a hannu. Na ƙura wa takardar nan ido. Na ce a raina sammaci ne. Maimakon in jira a gama, sai na tura keke har tsakiyar fili, na sauke buhunan a gaban Ɗanjuma, na durƙusa.

"Alhaji, ni ne na ɗauka. Sharrin Shaiɗan ne da rashin kananzir. Ga su na dawo da su, ko tsinke bai ragu ba. Don girman Allah a kashe maganar nan a nan, ina da iyali, kuma da hannun nan nake ci!"

Har ɗaga hannun na yi, kowa ya gani.

Ɗanjuma ya dubi buhunan, ya dube ni, ya riƙe haɓa.

"Malam, mi ka yi mini haka? Hedimasta ya ce ba zai sa hannu ga takardar gama aiki ba sai an share wurin. Masu burodi sun ce ya yi ƙanana, masu kaji sun ce ɗanye ne. Da aka ce wani malami ya ɗiba, murna na yi, na zo in roƙe ka ka kwashe sauran kyauta. Shi ne za ka ƙaro mini buhu biyu?"

Ya buɗe ɗaya, ya damƙo, ya shinshina. "Wannan ma ba nawa ba ne. Na kafinta ne."

Malamar aji biyu ce ta fara fashewa, sai fili ya ɗauka gaba ɗaya. Hedimasta ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina durƙushe, na rasa yadda ake tashi.

Abin bai tsaya nan ba. Don kunya na ce eh, ina so, duka. Kafin La'asar amalanken shanu ya yi sawu shida, aka jibge mini tulin nan a ƙofar gida, sai da na riƙa ɗaga keke sama kafin in shiga. Wata guda matan unguwa suna aiko da kwanduna, kowace da saƙon wai a tambayi Malam ko da izini. Da labari ya kai Zurmi, Kawu ya aiko a gaishe masa da abokina.

Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina doka. In aka ce wani na nemana, sai na bari ya buɗe baki ya gama kafin in fara tuba. Sau da yawa ba kama ka ya zo yi ba, wanda zai kwashe masa shara yake nema.