Tsakin Inna a Hannun Cindo

Ranar Laraba ce, ana yayyafi, muka dawo daga binne Inna. Abu biyu ta bar mini: ƙanena Cindo, mai shekara arba'in da hankalin yaro, sai kazarta wake-wake da tsaki goma sha biyu. Irin kajin nan tun daga kakarmu suke a gidan, kuma su kaɗai suka rage.

Wata rana zan tafi gona na ce, "Cindo, in ka ga shirwa ka kife su da kwando." Na dawo na tarar da goma, kwando na hannunsa.

"Ina biyun?"

"Yaya, shaho ne ya zo. Na duba sosai, ba shirwa ba ce."



Wata rana zan je cin kasuwa ƙetaren rafi, na rufe su a akurki, na ce kada ya buɗe sai na dawo. Rafi ya cika, na kwana biyu a can. Na same shi zaune a bakin akurki da ruwa cikin kasko, idanunsa sun yi ja. Ƙishirwa ta kashe uku.

"Suna ta kuka, Yaya, ni ma ina yi. Ka ce kada in buɗe."

Na mare shi. Ban taɓa ba sai ranar. Na ce, "Tashi ka bi su. Inda suka je ka je, inda suka kwana ka kwana, tunda kanku ɗaya."

Maganar fushi ce, na manta da ita. Ina ganinsa yana bin su daga bola zuwa gindin rumbu, na ce gara ya ba ni wuri. Shaho ya yi ta shawagi, in ya ga mutum sai ya wuce.

Wata rana da asuba, bayan an kwana ana ruwa, na zagaya bayan gida na gan shi takure a jikin akurki, jiƙe sharkaf, yana karkarwa. Ashe kwana tara a nan yake kwana. Ga sawun muzuru a laka, ya zo gab da shi ya juya. A makon nan muzurun ya ƙarar da kajin maƙwabciyarmu Lantana. Namu bakwai suna nan.

Na goya shi zuwa ɗaki, na lulluɓe shi, na dama masa kunu. Na so in ce ya yafe mini, bakina ya ƙi.

Washegari, da zazzaɓi a jikinsa, ya naɗe tabarmarsa ya bi kajin, don ban ce masa ya bari ba.