Yadda Sarkin Laɓe ya tonu a ɗakin taro

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Ita ce ranar da na tashi da ƙafafuna, ba wanda ya aike ni, na kwance wa kaina zani a gaban ma'aikatan sashenmu kaf.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a wata ma'aikata a nan Abuja, kuma aikina ajiye fayil. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗaki guda, ɗakin da ba taga, sai fanka mai kuka da ƙurar takardu. Daga Karshi nake tasowa bayan sallar asuba, in sha cunkoson Nyanya, in iso in zauna ina buga hatimi. Sunana ma ya ɓata. Malam Rajista kowa ke ce mini, har da Darakta, wadda nake kyautata zaton ba ta taɓa sanin sunana na yanka ba.

Amma ina da abin tinƙaho guda ɗaya. Lokacin da nake karatu a Zariya akwai wani shagon gem, wato wasan bidiyo, kusa da inda muke haya, kuma akwai wani wasa na ɗan leƙen asiri da ya ɗauke mana hankali. Sunansa na Turanci ya yi mana tsawo, sai muka raɗa masa Ɗan Laɓe. Ba wasan harbe-harbe ba ne. Za ka shiga sansanin abokan gaba, ka ɗauko wata takarda, ka fice ba wanda ya san ka zo. Sai ka kwanta cikin ciyawa kana ƙirga takun mai gadi: taku bakwai ya tsaya, ya waiga hagu, ya sosa ƙeya, ya koma. Ka jefa kwalba can gefe ya bi ƙarar, kai kuma ka sulale ta bayansa. Duk wanda ya harba bindiga ko sau ɗaya, ihu ake masa a shagon, a ce ɗan koyo ne. Ni kuwa na taɓa gama fitowa ta biyu daga farko har ƙarshe ba a gan ni ba. Mai shagon da kansa ya ɗauki alli ya rubuta a bango: Sarkin Laɓe. (Ban taɓa samun wata sarauta ba kafin nan, ban kuma sake samu ba.)

A fitowa ta uku na tsaya. Aure ya zo, aiki ya zo, 'ya'ya suka zo. Na fi shekara goma sha biyar ban riƙe fad ba, wato abin nan mai maɓallai da ake sarrafa wasan da shi. Hannu ya bar wasa, amma baki bai bari ba. Babu wanda ya taɓa shigowa ɗakina neman fayil sau uku bai ji labarin bangon nan da allin nan ba.

Akwai wata abokiyar aikina, Rukayya, a ɓangaren tsare-tsare, mace mai kawaici wadda ta zo aiki shekara shida bayana. Wata rana ina tsaka da ba da labarin sai ta ce, "Malam, ai sun canza wasan nan fa. Ina ɗan taɓawa ranar hutu. Yanzu ya fi kama da fim."

Na dube ta da tausayi. Na ce mata wasu abubuwan ba sa canzawa, sai dai waɗanda ba su san su ba su zaci haka. Ta yi murmushi ta ɗauki fayil ɗinta ta tafi.

Ana nan sai Hajiya Darakta ta tara mu ranar Litinin. Ta ce an umarci sashenmu ya kafa ƙaramin kwamiti kan harkar gem da matasa suka rungume, kuma tana neman sakatare wanda ya san kan abin. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Sakataren kwamiti yana komawa hawa na huɗu ne, ofis mai taga da na'urar sanyaya ɗaki, yana bin tawaga zuwa Legas, kuma idan lokacin ƙarin girma ya zo akwai abin da za a rubuta a gaban sunansa. A taƙaice, wannan ita ce ƙofar fita daga ɗakin fayil, ita kaɗai na taɓa gani a buɗe.

Mutum uku suka haɗa baki, "Ai ga Malam Rajista!"

Darakta ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, kamar yau ta fara ganina. "To madalla. Gobe wani mai gidan gem zai zo ya nuna mana yadda abin yake. Sai ka gwada mana mu gani."

Akwai shagon gem a bakin kasuwar Karshi. Ta gabansa na wuce da yammacin nan, har na rage tafiya. Zuciya ta ce in shiga in ɗan gwada hannu, girman kai ya ce sarki ba ya bita. Na bi ta girman kai. Da na gaya wa uwargida, ta goge mini farar shaddata ta Juma'a, ta ciro mini sabuwar hula, ta ce, "Allah ya sa dai ka tuna yadda ake yi." Har haushinta na ji.

Washegari da hantsi ɗakin taro ya cika. Mai gidan gem ɗin, Mista Danladi, wani ƙaƙƙarfan mutum mai gemu, ya jona na'urarsa da babbar talabijin ɗin bango. Ashe tun jiya an tsegunta masa cewa akwai gwani, don haka Ɗan Laɓe ya kawo, fitowa ta takwas. Ya miƙo mini fad. Na ji ya fi wanda na sani nauyi, maɓallan sun ƙaru, kuma yana wani kakkarwa a hannu kamar waya. Na gyara zama kusa da Darakta na ce bisimilla.

Ga mutumina ɗan leƙen asirin nan a talabijin, ya tsufa, ya yi furfura, yana tsaye a wata tashar jirgin ƙasa. Wallahi sai na ji kamar na haɗu da tsohon aboki. Na hango sojoji a gaba, na hango wata ganga a gefe. Na yi abin da na iya. Na durƙusar da shi bayan gangar, na fara ƙirga taku.

Sojojin nan ba su da taku. Gudu suke ta ko'ina suna ihu. Wata kibiya tana ta walƙiya tana nuna gaba, wata murya tana ta ƙwala wa mutumina kira, ni kuwa ina laɓe. Minti ɗaya. Minti biyu. Wani ya yi tari. Darakta ta ciro wayarta.

"Haƙuri ake yi, ranki ya daɗe," na ce mata. "Sirrin wasan ke nan."

Ban rufe baki ba wani jirgi mai saukar ungulu ya zo ya sako bam a kan gangar. Daga ni har gangar muka tashi sama.

Na sake. Wannan karon bayan wata mota na ɓuya, aka tashi motar. Na uku na shiga ƙarƙashin benci, aka tashi bencin da tashar gaba ɗaya.

Mista Danladi ya matso ya rage murya. "Oga, wannan ba a ɓoyewa fa. Wasan ta canza tun na biyar. Ka gudu kawai, ka shiga jirgi, ka harba. Mutane yanzu ba su da lokacin jira."

Na ce masa na gode, amma tun kafin ya buɗe gidan gem nake wannan wasa. (Mutumin da ya zo ya taimake ni ke nan.) Sai dai a karo na huɗu, don tsabar haushi, na danna gaba na ƙi saki. Mutumina ya kwasa da gudu, harsashi na bin sa, ya daka tsalle ya kama jirgin ƙasan da ke tafiya.

Daga nan komai ya sauya. Hoton ya ƙara kyau, kiɗa ya tashi, wasu baƙaƙen layuka biyu suka bayyana a sama da ƙasan talabijin. Na gan su sarai, na ɗauka talabijin ɗin ce ke gyara kanta. Sojoji biyar suka yo kan mutumina a saman jirgi. Na hau danna maɓallai ba ji ba gani, sai ga shi ya kauce wa na farko, ya kama hannun na biyu ya murɗe, ya yi alkafura ta kan na uku. Ɗaki ya ɗauki sowa. Darakta ta ajiye waya.

Jama'a, na miƙe tsaye.

"Kun gani?" na ce. "Hannu ba ya mantuwa! Ranki ya daɗe, dubi wannan. Yanzu zan shiga ta ƙasansa." Mutumina ya bi ta sama, amma wa ya lura? Ina lanƙwasa jiki, ina ɗaga fad sama, ina bayani. Na ce wannan salon sai wanda ya yi shekaru. Na ce yaran yanzu ba su san shi ba. Na hangi Mista Danladi yana sosa gemu yana kallon ƙasa, na ɗauka kunyar raina ni da ya yi ce ta kama shi.

Rukayya ta zagayo ta bayana, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji. "Malam, ka zauna. Wannan wurin ba kai ke..."

Na katse ta da ƙarfi, kowa na ji. "Haba Rukayya, ki bari a gama. Hassada ba ta da kyau."

Har yau wannan kalmar ta fi komai ci mini rai.

A daidai nan mutumina ya yi wani tsalle daga wannan tarago zuwa wancan, ni ma na yi tsalle tare da shi, hulata ta fice ta gangara ƙarƙashin teburin taro. To ni ba a yi mini tarbiyyar tsayawa gaban manya kai ba hula ba. Ban ma yi tunani ba. Na ajiye fad a kan tebur, na durƙusa, na rarrafa na bi ta.

Ina ƙarƙashin tebur na ji sowar ta mutu. Amma faɗan bai mutu ba. Ina jin ƙarar naushi, ina jin gilashi na fashewa, kiɗa na ƙara tashi. Na fito na miƙe, hannuwana biyu a ka ina daidaita hula, fad yana zaune a kan tebur shi kaɗai kusa da kofin shayin Darakta. A talabijin kuwa mutumina ya shaƙe wani ƙato ya wurga shi cikin kogi.

Darakta ta dubi fad, ta dubi hannuwana, ta dubi talabijin.

"Malam Rajista," ta ce a hankali, "to yanzu waye ke tuƙa shi?"

Mista Danladi ne ya amsa, da muryar mai ba da labarin rasuwa. "Hajiya, wannan wurin fim ne. In ka ga baƙin layi sama da ƙasa, wasan ce ke yin kanta. Kusan minti huɗu ne. Ba a danna komai."

Sai wani a baya ya fashe da dariya, sauran suka bi. Har akanta, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, sai da ya kifa kai a tebur. Ana cikin haka baƙaƙen layukan suka ɓace, wasan ya dawo hannun mai wasa. Mutumina ya tsaya cak a saman jirgi yana jiran umarnina, ni kuma ina tsaye riƙe da hula, har wata gada ta zo ta kwashe shi.

Darakta ta share hawaye da gefen mayafi ta ce ko akwai wani mai gwadawa. Rukayya ta ɗauki fad ba tare da ta dube ni ba. Ta gudu inda ake gudu, ta harba inda ake harbi, da layukan suka sake fitowa ta ajiye shi a cinya ta shiga yi wa Mista Danladi tambayoyi kan lasisi da kuɗin wuta.

Takardar naɗa Rukayya sakatariyar kwamitin ta ɗakina ta biyo. Ni na buɗe mata fayil, na ba shi lamba, na buga hatimi, na hau da shi hawa na huɗu da ƙafata. Na ba ta haƙuri a kan maganar hassada. Ta ce, "Ba komai, Malam, wallahi na manta." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ina jin haushin waɗanda suka ƙera wasan nan, ba zan ɓoye ba. Sun ɗauki abin da ke saka wa mai haƙuri, sun mayar da shi abin da ke tafa wa mutum a kan aikin da bai yi ba. Ko sunan ba su canza ba, balle mu tsofaffin hannu mu san an tashi daga inda muka bar shi. Amma idan na gama zaginsu sai in tuna ba su suka hana ni shiga shagon bakin kasuwa ba, ba kuma su suka sa mini waccan kalma a baki ba.

Bayan wata guda na ɗauki hutun mako biyu, don in huta da yadda ake danna iska da manyan yatsu duk sanda na wuce. Ina gida ina ta jiran waya, a ce fayil kaza ya ɓace, a ce aiki ya tsaya. Ba wanda ya kira. Ranar da na dawo na tarar an jera komai daidai, har an gyara fankar. A bakin matakala na haɗu da Darakta, na gaishe ta na ce na dawo lafiya.

Ta ce, "Au, tafiya ka yi?"

Abin da na koya ke nan, ga duk mai so kyauta: kafin ka miƙe ka ce kai ne ke tuƙa wani abu, ɗan cire hannunka tukuna ka ga ko zai tsaya. Amma ka gwada a inda ba kowa, kuma ka shirya wa amsar.