Jirgin Yaya a Wurin Mai Soya

Da Yaya Sani ya rasu, a ƙarƙashin gadonsa muka tarar da kwalin: ɗan jirgin yaƙin Japan na roba, ba a harhaɗa ba. Kullum cewa yake sai ya yi ritaya zai harhaɗa shi. Bai kai ba. Na bugi ƙirji gaban matarsa, na ce kafin sadakar arba'in zan kawo mata shi a tsaye.

Kuma na harhaɗa, Allah shaida. Na shafa koren fenti, na zana jar ranar nan ta tutar Japan a fukafukai, har na fara jin ofis ne ya tauye ni, ni injiniya ne. Sai dai daminar Douala ba ta san injiniya ba. Ana gobe sadaka, fentin ya ƙi bushewa.

Na kai shi wurin Malam Buba mai soya, wato mai tsire, bakin layinmu a unguwar New Bell.

"Alhaji, wannan tsuntsun fa?"

"Jirgi ne. Ɗora shi gefen wayar gashi, ɗumi kawai zai sha. Na san abin da nake yi."

Na tsaya amsa gaisuwar ta'aziyya. Ko da na juyo, fukafukan sun langaɓe kamar kunnen akuya, hancin yana ɗiga cikin garwashi.

Matar Yaya ta karɓi abin da ya saura, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta mayar da shi cikin kwalin.

Har yau in na wuce, sai Malam Buba ya ɗaga wuƙa, ya kira ni matuƙin jirgi da Faransanci: "Pilote! Yau ba jirgi? In sa yaji ko a bar shi haka?"