Ranar da Babban Yatsana Ya Tona Ni

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan manta da ranar da na je rajistar inshorar lafiya a Tudun Wada ba. Lokacin ban daɗe da tarewa a Burumburum ba, daga jihar Kaduna aka kawo ni, kuma ina ɗauke da cikin fari wanda ba wanda na gaya wa sai maigidan. Shi ma da ƙyar, fuskata a bango. Cikin kuwa yana ba ni wuya, ga jiri ga ciwon mara, ina tsoron kada ya zube kafin a duba ni.

Maigidan yana gona, sai surukata Inna ta ce za ta raka ni. Na ce mata kati kawai zan yanka don ko-ta-kwana. A hanya na yi ta zuba mata bayanin inshora kamar ni na ƙirƙiro ta (ai ni ce mai sakandare a gidan).

Da layi ya zo kaina, ma'aikaciyar ta ce, "Malama, kin taɓa rajista a wata jiha? Ba a yi wa mutum sau biyu."

"Ni? Wallahi ko kusa," na ce, har da dafe ƙirji.

Ta sa na ɗora babban yatsa a kan ɗan gilashin na'ura. Yatsan ya sha lalle har ya yi baƙi, na ce a raina ba abin da za ta gani. Sai ta juyo min da kwamfutar. Ga ni nan! Hotona na 'yanmatanci, ɗankwali a karkace, kumatu cike da rake. Sai lokacin na tuna wani layi da muka taɓa bi da ƙawayena a garinmu, mu a zatonmu gidan sauro ake rabawa.

Kunya ta kama ni, amma mamaki ya fi ta. Na tsaya ina kallon yatsana. Ni na manta, garin ma na bar shi, shekaru sun wuce, amma zanen da Allah Ya yi a wannan ɗan wuri yana nan, kuma duk duniya ba mai irinsa. Sai da tsikar jikina ta tashi.

"Ba komai," in ji ma'aikaciyar. "Za a cire sunanki can a dawo da shi nan, sai dai yana ɗaukar lokaci. Amma in akwai ciki, yau za a fara duba ki. Akwai?"

Jama'a, cikin fari, a gaban suruka! Na ja mayafi na rufe fuska, marata tana murɗawa, amma bakina ya buɗe zai ce babu (ku ji sakarci).

Inna ta riga ni. Ita ma ba ta kalle ni ba, taga take kallo.

"Akwai, 'yar nan. Tun da ta fara gudun ƙanshin man shanu na sani. In ba haka ba, me zai sa in bar shanuna in biyo ta?"

Ranar aka duba ni, aka ba ni magani, cikin ya zauna. Muka dawo gida ba wadda ta kalli 'yar'uwarta.

Tun daga nan na daina saurin rantsuwa a gaban na'ura, na kuma daina raina idon tsohuwa. Ita na'urar ma ai sai da na ba ta yatsa. Inna kuwa ko tambayata ba ta yi ba.