Bindigar da Na Kushe

A Madarunfa babu wanda bai san bakina a kan bindiga ba. Ko daga nesa na hango ta, sai in faɗi maƙerin da ya yi ta. Tawa kuwa ƙirar wani tsoho ce na garin Gabi, na daɗe ina cika wa mutane kunne da yabonta.

Ranar da mahalba suka taru bakin tabki gasar halbin ƙwarya, abokina Ila ya miƙo mini wata bindiga mai ƙyalli. Ya ce, "Gwani, wagga ƙirar wa ce?"

Na gyara zaman hula. Na leƙa bakinta, na shafa ƙota, na taɓa kunama, har da sunsunawa.

Na ce, "Ƙirar ɗan koyo ce. Dubi ƙota a karkace! An cuci mai ita. Ko rumbu ya auna, jakin maƙwabci zai samu."

"Ka tabbata?"

"In ba haka ba ne, a daina ce mini gwani."

Sai Ila ya juya ta, ya nuna mini ƙuna a gindin ƙota, inda na taɓa jingine ta jikin murhu. Tawa ce. Ni na ba shi ajiyarta da zan tafi Katsina, shi kuwa ya kankare tsatsar, ya shafe ta da man gyaɗa, ya sake mata maratayi.

Mahalba suka yi dariya har aka manta da ƙwaryar.

Ba su kuwa daina ce mini gwani ba. Har yau, in na saɓa bindigar na fito, sai maƙwabcina ya ƙwala wa matarsa kira: "Hadiza, shigar da jakin nan, Gwani ya fito!"