Kwamfutar Da Ta Sallami Jikata Da Wuri

Ba zan taɓa mantawa ba da walimar auren da aka yi a unguwar Bani Harisa ta Madina, shekarar da jikata Nuha ta rubuta jarrabawar lasisin nas. Ni ko alif ban sani a boko ba, amma a Madina kaf ba a taɓa kayar da ni a zance ba. (Sai ran nan.)

Babanta ne ya kai ta ƙasar waje ta rubuta, wai da kwamfuta ake yi. Ta bugo mini waya tana kuka, rabi Hausa rabi Larabci: "Sitti, tambayoyin sai ƙara wuya suke, ban yi nisa ba kwamfutar ta rufe, halas!" Na ce shi ke nan, an kore ta. Malamin da ya ƙwace allo tun ba a kai rabi ba, ai ba yabo yake ba.

Bayan sun dawo aka yi walimar. Muna zaune bayan La'asar ana zuba gahawa, sai Hajiya Kaltuma, maƙwabciyata 'yar Chadi wadda muka shekara talatin muna gasar jikoki, ta ɗaga murya: "Hajiya, ina labarin ihtibar ɗin Nuha, jarrabawar nan? An ce tun kafin a gama ta fito."

Mata suka juyo. Ni kuwa in ce jikata ta faɗi? A gaban Kaltuma? Na gyara mayafi na ce, "Ni na hana ta. Cewa na yi ta ɗan taɓa ta taso. 'Yar gidanmu ba ta ɗaukar fo ɗin kowa a asibiti."

Wata mata mai tabarau a gefena ta aje finjali a hankali. (Ashe gwaggon amarya ce, shekararta ashirin tana aikin nas. Ba wanda ya taɓa ni da ƙafa, Allah ya isa.) Ta ce, "Hajiya, tambayoyin wuya suke ƙarawa ko sauƙi?"

Na ce, "Wuya mana, mugunta ce kawai."

Ta yi murmushi. "Ba mugunta ba ce. In ka amsa daidai, sai ta ba ka wadda ta fi wuya. In ka kuskure, ta sassauta. Da ta gane matsayinka, ko ci ko faɗuwa, sai ta tsaya. Ke in kina ɗanɗana miya, sai kin shanye tukunyar?"

Ana haka sai ga Nuha ta shigo da gudu, abaya na ja da ƙasa, takarda a hannu: "Sitti! Najaht! Na ci!"

Aka ɗau guɗa, ana mabruk, mabruk. Kaltuma ta jira guɗar ta lafa tukuna, don muguwa ce mai haƙuri, ta ce, "Ayya Nuha, ga shi kuma kakarki ta ce ta hana ki ɗaukar fo."

Yarinyar ta dube ni. "Sitti, ke kika hana ni? Ba ke kike tashina karatu da asuba ba?"

Jama'a, dabara ɗaya ta rage mini. Na jefa dabino a baki, na kama maƙogwaro na hau tari kamar na shaƙe. Na manta a ɗakin akwai nas har biyu. Kafin in ce wasa nake, mai tabarau ta rungumo ni ta baya ta matse cikina, Nuha na dukan bayana, ɗankwalina ya yi gabas, haƙoran robana suka yi tsalle suka faɗa farantin Kaltuma.

Ta miƙo mini su a cikin tishu ta ce, "Salamtik, sannu Hajiya."

Tun daga ranar, in aka tambaye ni abin da ban gane ba, "Allahu a'alam" nake cewa. In kuma ƙaryar shaƙewa ta kama ni dole, sai na fara tambayar aikin kowa a ɗakin.